Mai Ɓawon Albasa

Kowa a layin ya san Iya Mai Ɓawo. Matar nan in ta hangi ɓawon albasa a kwandon shararka, ba za ta gaishe ka ba sai ta tsince shi tas.

Mai rini ce, da can da maganin rini na shago take yi, mai ƙona hannu. Jikarta ce ta sauya ta. Yarinyar ba ta jure yadin roba, da ta sa rigar makaranta sai susa har jini, har ta daina zuwa. Iya ta samo farin yadin auduga, ta rantse za ta rina shi ruwan ɗorawa irin na makarantar, da ɓawon albasa kawai. Shugabar makaranta ta amince, da sharaɗin launin ya zo daidai da na sauran yara.

Ranar rinin, maigidanta, tsohon direba mai son a ce ya taimaka, ya ga tukunyar ta yi ƙanƙanta. Ya juye ruwan a wata babba mai tsatsa, yana murmushi. Ai kuwa tsatsa ta ɓata ruwan, yadi ya fito kore fatau.

"Malam, wa ya aike ka?"

"Ni fa gyara na yi."

"Ka gyara kam! Ga rigar soja ka yi wa yarinya."

Dariya ta kufce mata, amma ranta ya ɓaci sosai, don ɓawon da ta daɗe tana tarawa ya ƙare ke nan.

Tsohon ya tashi neman wani ɓawon. Ya ɗauki buhu ya bi gida-gida. Matan layi suka hau ɓare albasar da ba su tashi dafawa ba, mai shayi ya juye nasa, mai kayan miya ya kakkaɓe rumfarsa. Wasu suka wuce gona da iri har suna yankawa, layi duk hawaye da shewa.

Wannan karon Iya ta kafa kujera gaban tukunyarta, ta hana tsohon ko leƙe. Sabon yadi ya fito ruwan ɗorawa shar.

Da jikar ta dawo daga makaranta, Iya ba ta tambayi karatu ba. Hannun rigar ta naɗe, ta duba damtsen yarinyar, ta juya ta sake dubawa.

"Iya," in ji yarinyar, "yau fa na manta ban yi susa ba."