Malamar da Ta Janye Takardarta

Ƙarfe bakwai da rabi za ka ji ƙarar makullinta a ofishin ƙarshe na bene na biyu, mai fankar nan da ke kuka kamar akuya. Sai ta jiƙa tsumma ta goge allon ajin da kanta, wai masu shara suna barin rabin lamba, rabin lamba kuwa fitina ce. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, ranar Alhamis za ta yi ritaya ta miƙa makullin. Mu ɗalibanta Sake-Duba muke ce mata a bayan ido.

Aljabara take koyarwa, wani reshe na lissafi. Saƙon da ka aika a waya lambobi ne, wasu kan lalace a hanya. Ita tana tsara yadda saƙon zai gano inda ya lalace ya gyara kansa. Tana gina wannan a kan abin da masana ke kira zobe, lissafin da ke zagayowa kamar agogo. A zoben huɗu, in ka ƙirga huɗu ka dawo sifiri, don haka biyu sau biyu sifiri ne, kuma ba a raba komai da biyu. Ƙaninta makanike yakan tsokane ta: "Yaya, da ni na faɗi haka, da tuni kun ɗaure ni kun kai asibiti."

Shekarar da ta nemi kujerar farfesa, babbar takardarta na gaban masu tantancewa, ni kuma ina ɗora aikin digirina a kanta. A shafi na tara na ga abin da ya hana ni cin abinci kwana uku. Na je na nuna mata. Ta karanta, ta cire tabarau.

"Kai! Na raba da biyu. Ni da nake hana ku kullum."

A gabana shugaban sashe ya roƙe ta: "Malama, ki bari a gama zaman tukuna. Wa zai gani?"

"Ga wanda ya gani nan tsaye," in ji ta. "Gobe kuma wani zai haɗa na'ura a kai, saƙon mutane ya isa a karkace."

A ranar ta janye takardar, kujerar ta tafi. Shekara biyu muka yi muna gyara, da aikin ya fito ta sa sunana gaban nata. Lokacin da damar ta sake zagayowa, shekarun aikinta sun kusa cika, ba ta ƙara samun kujerar ba.

Ke ce, Malama, kika shiga aji washegarin janye takardar kika rubuta kuskurenki a allo da manyan baƙaƙe, kika ce mu kwafa. Mai gaskiya ko a kan kanki! Har yau abin yana yi min ciwo, na daɗe ina ganin ni na raba ki da kujerar. Da na faɗa miki, dariya kika yi, kika ce in daina ɗaukar wa kaina girma, lambar biyun nan ce ta yi aikin.

Mun gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu riƙe da alli, duk ranar da ɗalibi ya zo muku da shafi yana nuna kuskurenku, ku karɓa ku duba. Mu tara ne ɗalibanta da ake kira farfesa yanzu, kuma in ta shigo ɗaki duk miƙewa muke yi.