Ban ɓata a Kuala Lumpur ba

Wataƙila wasu abubuwan sun cakuɗe mini, don an ɗan jima, kuma ni ba mai saurin yarda da ƙwaƙwalwata ba ce. Amma tunda har yau a gidanmu ana cewa na ɓata a Malesiya, gara in faɗi abin da nake tunawa.

Bayan na gama jami'a, kafin a tura mu bautar ƙasa, yayata ta gayyace ni in je in ɗan huta. Mijinta yana koyarwa a can, suna zaune a Setapak, wata unguwa a Kuala Lumpur. Rabin akwatina saƙon mutane ne: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, rama, yaji. Kowace leda sai da na ɗaure ta na sake ɗaurewa, don tsoron kada a tsare ni a filin jirgi.

Abin da ban hango ba shi ne, duk wadda na kai wa saƙo sai ta gayyace ni cin abinci, kuma da saƙon za ta yi girkin. A Sri Petaling na ci tuwo da miyar kuka. A maƙwabtan Yaya, miyar kuɓewa. Ba na zarginsu. Sun daɗe suna kewar gida, abin da ya fi daraja a wurinsu suka ba ni. Sai dai ni daga gidan na fito. Ta tagar kicin ɗin Yaya nake hango tagwayen dogayen benayen nan da ake nunawa a hotuna, ina wanke tukunyar tuwo.

Ana gobe zan koma, wata Hajiya a Cheras, babba a cikin matan Hausawan da ke can, ta kira mu cin dambu. Muna cikin jirgin ƙasa na ji an ambaci tashar da ke ƙarƙashin benayen. Sai na miƙe.

"Yaya, ni a nan zan sauka."

"Ke Auta, lafiyarki? Tun safe Hajiya take turara dambu saboda ke."

"Ramar da ke ciki ni na ɗauko ta daga Kano. Na san ɗanɗanonta."

"Ke da ko titi ba kya tsallakawa sai an riƙe miki hannu? Zauna lah!" Har ta ɗauki "lah" ɗin nan da 'yan ƙasar ke ƙarawa a ƙarshen magana.

Ƙofa ta buɗe, na fita. Ina jin har na ɗaga mata hannu, ko da yake ita ta ce ko waiwayowa ban yi ba.

Benayen kam sun yi tsawo, har wuyana ya gaji. Ban hau ba. Na zagaya lambun da ke bayansu, gumi yana bin bayana, sannan na bi wata gada da ta ratsa saman babban titi, na faɗa wata unguwar Malayawa mai gidajen katako. A can na ga wata mata da lulluɓi tana sayar da abinci a rumfa. Sai da na tambaye ta ko halal ne, na sake tambaya. Ta yi dariya, ta nuna mini masallaci a ƙarshen layi, ta ce, "Makan, makan," tana kai hannu baki.

Nasi lemak ta ba ni, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, a kan ganyen ayaba, da soyayyar gyaɗa, da ƙananan kifi masu ƙaras-ƙaras, da rabin ƙwai, da wani jan yaji a gefe. Ba zan yi ƙarya ba, lomar farko ba ta yi mini ba. Yajin da zaƙi, kamar an zuba sukari a miya. Sai a loma ta uku ko ta huɗu zafin ya taso ta baya, ƙamshin kwakwar ya biyo shi. Ruwan sama ya tsinke, ina zaune a kujerar roba ina sharɓe hanci, na cinye tas. Na sa ta ƙunsa mini wani, abin da suke kira tapau.

Da na koma gida kafin magariba, na tarar Yaya ta riga ta gaya wa Hajiya cewa cunkoso ya raba mu a tasha, na ɓata. Don ta fitar da ni kunya ta faɗa, na sani. Har addu'a aka yi mini a kan dambun.

Na ce, "Yaya, kira ta ki ce da ƙafata na sauka."

"Ba ki da hankali." Ta buɗe ƙunshin, ta ci a tsaye, ta yatsine fuska. "Wannan ai na baƙi ne. Mai daɗin yana bayan gidan nan, kullum da safe nake saya."

"Shi ne kika bar ni da tuwo?"

"Yo wa yake ba baƙo abincin titi?"

Washegari kafin mu tafi filin jirgi na kira Hajiya da kaina, na gaya mata gaskiya. Allah ya kiyaye hanya kawai ta ce. Ban san ko ta huce ba. Labarin ɓatan dai ya riga ni isa Kano.

Duk wadda take can a lokacin, in ta ga na kuskure unguwa, ko miya, ko wadda ta fara gayyata ta, ta aiko mini in gyara, zan gode. Wanda ba zan gyara ba shi ne saukar nan. Na san tashar da na sauka, kuma ni na ga dama.