Na sayar da kekena na sayi azara

Jiya a ƙafa na tafi zance wurin Hansai, tun daga Dukawuya har Ƙofar Na'isa. Kekena na sayar, na sayi azarar rufe ɗakin da zan sa Hansai in an ɗaura mana aure, kafin damina ta cinye ginin.

Yayanta na zaune a soro. Ya dubi ƙafata, ya ce, "Malam Sule, ina keken? Ashe matsiyaci za mu ba ƙanwarmu?"

Ni da na koya wa kaina boko, baƙar magana ba ta yi mini wuya. Har na buɗe baki, sai Hansai ta ce a hankali daga bayan ƙyaure, "Yaya, in ruwa ya sauko, a kan keken zan kwana?"

Na haɗiye zagin da na ɗauko.

Jama'a, da ku ne, keke ko rufi?