Tsoron da Nake Nema wa Hadiza

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Gadi nake yi a wani gida a Maitama, nan Abuja, iyalina suna Karmo. Amma na san yadda ake ba da tsoro, don kakata Iya Delu ta iya.

A ƙauyenmu, bayan sallar isha'i, takan zauna bakin murhu tana soya gyaɗa. Ba ta taɓa kawo mana dodo mai ƙaho ba. Sai ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya nan, ku riƙe ta da kyau." Wata yarinya ce ta je rafi da damina, ta ji muryar uwarta na kiranta daga cikin ruwa, alhali uwar na gida tana daka. Da yamma yarinyar ta dawo, ta yi sallama, ta zauna cin tuwo. Sai dai zaninta na ɗiga. Aka canza mata wani, shi ma ya jiƙe.

Nan Iya ke tsayawa, ta ci gaba da juya gyaɗarta.

"Iya, sai me ya faru?"

"Ni ma ban tsaya na gani ba. Kai Sale, ɗebo min ruwa a randa."

Ko a yanka ni ba na tashi.

Sai da na girma na gane dabararta. Daga abin da muke taɓawa kullum take ɗauko tsoron, ta bar mana ƙarshen mu ƙarasa da kanmu.

Yanzu ina da 'ya, Hadiza. Akwai wani kwari bayan layinmu da yara ke yanke ta ciki zuwa makaranta. Bara ruwa ya tafi da ɗan maƙwabcinmu a wurin. Don Hadiza ta daina bi ta can, na yi faɗa, na yi duka, na ƙirƙiro mata dodo mai jini a baki. Dariya ta yi. "Baba, na ga wanda ya fi wannan a wayar maƙwabciyarmu Anti Grace."

Jiya na ba ta labarin Iya, na tsaya inda Iya ke tsayawa. Ba ta yi dariya ba. Ta ƙi zuwa bayi ita kaɗai, har uwarta ta ce, "Malam, ka firgita min yarinya, ka ji daɗi?"

Ban ji daɗi ba. Amma na gwammace ta riƙa zabura a kan tabarma da a ce ruwa ya tafi da ita.

Yau ga hadari ya haɗo daga gabas, an kusa tashi daga makaranta, ni kuma ina bakin get ɗin Oga maigidana, ba halin matsawa. Ban san hanyar da Hadiza za ta bi ba.