Yafiyar Da Na Mayar wa Mai Ita

Malam ya rasu da damina. Har yau in na kunna rediyo da hantsi na ji wata murya a gurbin tasa, sai na yi kuka, kuma ba na ɓoyewa. 'Yata da ke rubuta mini wannan ta gaji da ba ni haƙuri.

Aikinsa karɓar koken jama'a a gidan rediyo, in ya dawo Gyaɗi-Gyaɗi kuma shi ne shugaban ƙungiyar unguwa. A ƙarshen rayuwarsa magana ɗaya ya riƙe. Wani Alhaji mai sayar da siminti ya gina shaguna a kan magudanar ruwa, duk sanda aka yi ruwan sama sai kwata ta cika gidajen bayanmu. Wata malamar makaranta 'yar Filato da ke haya a can, a kan tebur take ɗora 'ya'yanta. Malam bai taɓa kama sunan Alhajin a rediyo ba, layin kawai yake faɗa. Aka turo masa dattawa, aka dakatar da shirinsa, da ya koma ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ranar sadakar uku ina ɗaki cikin mata, ƙanen Malam ya yi sallama a bakin ƙofa.

"Hajiya, Alhaji ya kawo buhun shinkafa. Ya kuma faɗa gaban liman cewa ya yafe wa marigayi abin da ya yi masa."

"Me ya yi masa?"

"Haba Hajiya, ki dai yi godiya. Mamaci yafiya yake buƙata."

"Yana buƙata. Ni da na zauna da shi na san kurakuransa, na kuma yafe. Wannan ba ya ciki. In na karɓa, na shaida Malam ne mai laifi, shaguna kuma sun zauna ke nan."

Wata tsohuwa ta taɓa ni, ta ce mai takaba ba ta ɗaga murya. Na ce to. A hankali na ce a kira mai adaidaita ya mayar wa Alhaji da buhunsa, a gaya masa ya je ya nemi yafiyar waɗanda ruwa ke kwana a ɗakunansu.

Dangi suka ce na kunyata su. Shagunan suna nan. Ina fita takaba na tafi taron ƙungiya, ni kaɗai mace, na ce a fara da maganar magudana.