Murafun Katako a Ɗakin Kwamfuta

A shekarun da kwamfuta ta fara shiga makarantu, ina da shagon fanka da iyakwandishan a hanyar Bosso, cikin Minna. Wata safiya shugabar wata tsohuwar firamare ta zo wurina, 'yar Kudancin Kaduna, doguwa, mai magana ɗaya. An ba makarantarta kwamfutoci, amma sai injiniyan gwamnati ya duba ɗakin, ya tabbatar yana riƙe sanyi ba ya ɓarnar wuta. In bai amince ba, a kwashe su a kai wata makaranta a Chanchaga.

Ginin na zamanin mishan ne, rufi can sama, ga ramukan iska jere a ƙarƙashin kwano. Na canza wayoyin da ɓeraye suka riga ni dubawa, na kafa iyakwandishan. Saura ramukan. Ƙa'ida ta ce a toshe su don kada sanyi ya tsere, saboda haka na ce a kawo siminti.

"Alhaji, anya a Minna kake zaune?" in ji ta. "Madatsar lantarki ta Shiroro na kusa, amma wuta baƙuwa ce. Ranar da aka ɗauke, so kake in gasa yaran mutane?"

"Madam, ni sanyi nake sayarwa. Ɗauke wuta ba sashena ba ne."

Ta sa kafinta ya yi wa kowane rami murfin katako, aka liƙa robar tsohuwar taya a gefensa don kada iska ta ratsa. Aka samo doguwar gora mai ƙugiya ta buɗewa da rufewa. Na ce mata wannan ai akurkin kaji ne. Ta ce ta gode.

Injiniya ya zo da rana tsaka cikin bazara, mutumin Bida, sanye da babbar riga mai sitati. Ya yaba wayoyina, sannan ya ɗaga kai ya girgiza.

"Toshewa aka ce, Madam, ba ƙofa ba."

"A toshe suke, ranka ya daɗe. Hau tsani ka sa hannu ka ji."

Ya hau, ya shafa gefen murfi, bai ji iska ba, amma bai saki fuska ba. Yana saukowa aka ɗauke wuta. Madam ta ba shi kujera, ta rufe ƙofa, ta fara ba shi tarihin makarantar tun daga tubalin farko. Ni na raɓe a bango ina fifita da hulata. Kafin ta iso kan hedimasta na biyu, gumi ya sa sitatin rigarsa ya saduda.

"Madam," in ji shi, "ina gorar nan?"

Shi da kansa ya bi murafun yana buɗewa. Iska ta shigo, ya tsaya a ƙarƙashinta yana lumshe ido.

"A bar kwamfutocin nan. Amma duk ranar da akwai wuta, a rufe."

"Ranar da akwai, ranka ya daɗe, za mu rufe."