Silin da ya ƙi bin hannuna

Na rantse ba za ku yarda ba, amma ku karanta.

Wata rana yayata ta dawo daga Kanada, ta ba ni silalla cikin tafin hannu wai tsaraba. Ba sa sayen ko ashana a Gusau.

Ni kuwa kun san ni. Aji biyu na bar sakandare, amma a wayo ni ne hedimasta.

Na ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika, na cusa a safar hannun da nake tuƙa babur da ita. Sai teburin Sanda mai shayi.

Na ce kuɗin Turawa ma sun san mai arziki. In miƙa hannu, sili ya yi tsalle, ɗaf! Jama'a su yi salati. Shayi kyauta, har da ƙwai.

Ilu mahauci ne kaɗai bai yarda ba. Wani dattijo da ke jiran mota ya ce shi ma ya taɓa zama a Kanada, ya zaro nasa silin. Hoton dabba mai ƙaho, irin nawa sak.

Ilu ya ce, "To ɗan iska, in wannan ya bi ka, ragona naka ne. In ya ƙi, babur nawa ne."

Babur ɗin da nake ci da shi fa.

Har na miƙa hannu mu tafa.

Dattijon ya riƙe ni. Ya ɗora nasa a tafina na hagu, ya ɗora nawa. Nasa ya fi nauyi. Ya sake su a kan teburi. Nawa ya yi ƙwas, nasa ya yi ƙara siririya mai daɗi.

Na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne."

Ya matso kunnena. "Yaro, naka sabo ne, ƙarfe ne aka yi wa rufi. Nawa tsoho ne, azurfa. Abin da ke cikin safarka ba ya kama azurfa."



Na ce wa Ilu yau aljanuna suna azumi, a ɗaga wasan. Na yi sauri zan miƙe, hannuna ya gifta ta kan kofuna.

Cokalin Sanda ya yi tsalle. Ɗaf!



Sanda ya dubi cokalinsa yana lilo a hannuna, ya ce, "Ashe shi ma ɗan Kanada ne?"

Dariya har Ilu ya faɗo daga benci. Suka tuɓe safar, suka yanke hukunci: shayin kowa a kaina, da burodi da ƙwai. Ilu ya ce a ƙara masa madara.

Na biya ina murmushi, makullin babur yana aljihuna. Kafin in waiga, motar dattijon ta tashi. Ko sunansa ban tambaya ba.

Baba, duk inda kake, Allah ya saka maka da alheri.

Darasi: Kafin ka sa abincinka a caca don abu ya yi kama da wanda ka sani, ɗauke shi ka ji nauyinsa. Kuma wanda ya raɗa maka gaskiya a kunne, alhali yana da ikon faɗin ta da ƙarfi, gode masa.

Ku tura wa wannan abokin naku mai jin ya fi kowa wayo. In ba ku da shi, to ku ne.